Hajiya Ƙarama ta Kudenda

Abin da na fara lura da shi a Kaduna shi ne yadda mutanen cikin bas suke canjawa. Na shiga a tashar Kawo da akwatina da ƙullin garin masara da Inna ta ɗaura mini. Motar cike take da masu hula da masu hijabi. Muna tafiya suna sauka ɗaya bayan ɗaya, wasu suna maye gurbinsu, mata masu wando, samari masu Turanci. Wani dattijo da ya rage kusa da ni ya dubi gyalena ya ce, "'Yata, ba ki wuce wurin saukarki ba kuwa?"

"Barnawa zan je, Baba."

"Barnawa," ya maimaita. "To, Allah ya tsare."

Shi ma ya sauka kafin mu hau gadar kogin da ya raba garin biyu.

Sunana Hajara. Bahaushiya ce ni daga wani ƙauye a ƙasar Malumfashi, kuma Kirista, kamar ubana da kakana. A garinmu wannan ba labari ba ne. Coci yana kusa da rijiya, masallaci yana bakin kasuwa, kowa ya san gidan kowa. Har na girma ban taɓa gaya wa wani addinina ba, domin ba wanda ya taɓa buƙatar tambaya. Ni kuma da ma ba mai magana ba ce. Na zo Kaduna koyon aikin gwajin jini a wata makarantar lafiya da ke Barnawa. Ni ce ta farko a gidanmu da ta wuce sakandare.

Na sauka a Barnawa, a gidan wata ma'aikaciyar gwamnati, ƙanwar matar fastonmu. Ta shimfiɗa mini katifa a falo, ta ce in yi ƙoƙari in sami ɗaki kafin 'ya'yanta su dawo hutu, tun da ɗakunan kwanan makaranta sun cika. Lahadin farko tana da tafiya, sai ta nuna mini wata babbar majami'a a bakin titi.

Samari biyu ne a ƙofa da sandar bincike. Suna shafa wa mutane sama-sama su wuce. Da na iso, ɗayan ya ɗaga hannu.

"Madam, wa kike nema?"

"Sujada na zo."

"Sunanki?"

"Hajara Audu."

Suka dubi juna. Ya ce in buɗe jakata. Ya fito da Littafi Mai Tsarkina, ya riƙe shi ta baya ya girgiza, ko wani abu zai faɗo. Na san ba mugunta ba ce, tsoro ne, kuma suna da dalilinsu. Amma layi ya tsaya a bayana, kowa yana miƙa wuya. Da na shiga na zauna a bencin ƙarshe. Wata mata da ke gefe ta ja ɗanta ta mayar da shi ɗaya ɓangaren. Da fasto ya ce kowa ya gaisa da na kusa da shi, na duba dama da hagu, ba kowa sai katakon benci. Na gaya wa kaina zan koma idan na sami ɗaki. Ban koma ba.

Neman ɗaki ya kai ni hannun wani dillali mai turare da yawa. Ya nuna mini ɗaki ta taga, ya karɓi la'adarsa, ya ba ni makulli. Washegari na zo da akwatina a keke mai ƙafa uku. Makullin ya ƙi shiga. Ina cikin gwadawa wata mata ta buɗe ƙofar daga ciki da jariri a bayanta.

"Ke ma ya ba ki?" ta ce. Ta leƙa kan akwatina. "Yi haƙuri, 'yar'uwa. Shigo ki sha ruwa."

Na sha ruwan. Wayar dillalin ba ta sake shiga ba.

Daga nan sai unguwar Narayi, inda ake ta sababbin gine-gine. Mai gida na farko yana wanke motarsa da singileti a jikinsa. Bai ma ajiye soso ba.

"Ba na ba Hausawa."

"Baba, ni Kirista ce."

Ya yi dariya har ya dafa motar. "Duk mai neman ɗaki a unguwar nan Kirista ne, yarinya."

A wani gidan kuma matar ta fi shi haƙuri. Ta ce, "To, tun da haka ne yi mana waƙa ɗaya." Na tashi a cikin ƙungiyar mawaƙan cocinmu, ba waƙar da ban sani ba. Na buɗe baki, muryar ta ƙi fita. Ta juya wajen 'yarta ta ce, "Kin gani ko?" Tun daga ranar na daina faɗa. Idan aka ce babu ɗaki, sai in ce na gode in juya.

Wata mata mai sharar ɗakin gwaje-gwajenmu ce ta ce in gwada Kudenda, wajen gidajen ma'aikatan kamfani, in tambayi gidan Maman Danjuma mai abinci. Wurin yana da nisa da makaranta. Manyan motoci sun lalata hanyar, iskar kuma tana da wani wari mai zaƙi-zaƙi daga kamfanoni. Gidan irin mai ɗakuna a jere ne, suna kallon tsakar gida ɗaya. Na tarar da Maman Danjuma tana kankare ƙatuwar tukunya, gajeriyar mace mai ƙarfin hannu, mutuniyar wajen Zonkwa. Ta ɗago ta ga gyalena, ta ji sallamata, sai ta saki tukunyar.

"Kai! Hajiya ƙarama! Shigo, shigo. Ladi, kawo kujera!"

Ban gama faɗin abin da ya kawo ni ba ta ce ɗakin nawa ne. Ta zauna ta ba ni labari. A Tudun Wada ta yi amarcinta, tsallaken kogi, tun garin yana haɗe. Maƙwabciyarta wata Hajiya Rabi ce, ita ta yanke wa Danjuma cibiya, ita ta koya mata miyar kuka. Da aka yi tashin hankali kowa ya kwashe kayansa ya bi nasa, ba su sake ganin juna ba.

"Tun da na dawo nan ba Musulmin da ya kwana a gidana," ta ce. "Wallahi Allah ne ya kawo ki."

Ta shiga ɗaki ta fito da sabuwar buta. Ta kai ni ɗakin, ta tsaya a tsakiya ta miƙa hannu wajen taga.

"Gabas nan ne. Na sani, ba sai kin tambayi kowa ba."

Na buɗe baki. Na tuna mai wanke mota, na tuna 'ya'yan matar Barnawa da za su dawo, na kuma dubi fuskarta yadda take murna. Na ce, "Na gode, Mama." Na yi niyyar gaya mata washegari. Washegari ta riga ta gaya wa duk layin cewa tana da Hajiya a gidanta.

Ban taɓa ganin mutane masu kula kamar na gidan nan ba. Ranar Asabar Mama takan dafa naman alade, sai ta kai murhun bayan gida kusa da kwata, tana fifita hayaƙin don kada ya zo wajena. Anti Ladi, 'yar Filato mai aikin cika kwalabe a kamfani, takan rage rediyonta idan ta ga na rufe ƙofa da azahar. Baban Danjuma, wanda ya yi aikin masaƙa har aka rufe ta, yana gaishe ni daga nesa da hannu a ƙirji. Ranar Lahadi su fito cikin kwalliya, Mama ta leƙo ta ce, "Hajiya, a kula mana da gida." Su tafi. In zauna a bakin katifa ina jin gangunan coci daga ko'ina.

A makaranta wata Zainab ce ta fara yi mini magana. "Hajara, taso mu yi azahar."

A can na iya faɗa mata ni Kirista ce, a hankali.

"Haba dai! Fita kika yi?"

"A'a. Haka aka haife ni."

"Ikon Allah," ta ce. Ba ta taɓa yi mini wulaƙanci ba. Ranar da na manta farar rigata ita ta ara mini tata. Amma idan suka zauna da ƙawayenta, sai hirar ta ɗan tsaya in na iso. Ɗalibai Kiristoci kuwa Turancinsu gudu yake yi, rabinsa na titi, nawa na littafi ne. Kafin in haɗa amsa an wuce wurin. Sai na koma wa madubin duba jini. Ina wanke gilasaina sau biyu, ina jera su, ina ƙirga ƙwayoyi har idona ya yi yaji. Malamai suna yabon aikina, amma ba na jin sun san muryata.

Ban yi kuka ba ko sau ɗaya. Abin ya zo mini kamar yadda ƙafa take mutuwa idan an daɗe da zama a kanta. Ina tashi, ina wanka, ina hawa keke, ina sauka. Ina tuƙa tuwon garin Inna in ci, ban san ko da gishiri a miyar ba. Akwai yinin da in ka cire "ina kwana" da "sannu da aiki", ban furta komai ba. Idan Inna ta kira ta ce yaya birni, in ce lafiya lau. Tana ba ni labarin wanda ya haihu da wanda ya yi shuka, ina ji kamar labarin wani gari ne a rediyo.

Abu ɗaya ne nake jira a kowace rana. Da asuba, kafin Mama ta ɗora tukunya, mutanen gida suna shimfiɗa tabarma a tsakar gida su yi addu'ar safe. Bangon ɗakina suke jingina da shi. Suna waƙa ƙasa-ƙasa, ina jin Mama tana cewa, "Ku rage murya, Hajiya tana salla." Baban Danjuma ya faɗi sura, ni ma in buɗe nawa Littafin a wannan gefen bangon. Yana karatu a hankali, yana tuntuɓe a dogayen sunaye, ina binsa da yatsa. Daga nan kowa ya faɗi damuwarsa. Mahaifiyar Anti Ladi tana kwance a ƙauye, ƙafarta ta kumbura. Jinin Baban Danjuma yana hawa. Danjuma direban tirela ne a hanyar Legas, Mama ba ta samun barci sai ya kira.

Tawa addu'ar kuwa ta bushe. Ina durƙusawa in ce, "Ya Uba," sai in tsaya, babu abin da ya biyo baya. Saboda haka na kafa wa kaina doka: zabura ɗaya da safe, ɗaya da yamma, kamar shan magani, ko da daɗi ko babu. A gida na saba da zaburan yabo, waɗanda ake rerawa. Yanzu da nake bin su a jere sai na tarar da wasu mutane a ciki. Akwai wanda ya kwatanta kansa da tsuntsu shi kaɗai a kan rufin ɗaki. Akwai wanda ya ce maƙwabtansa suna kauce masa a hanya. Akwai wata zabura da ta fara da kuka ta ƙare da duhu, babu ko kalmar ta'aziyya a ƙarshenta. Na karanta ta na sake karantawa. Na yi mamakin an bar ta a cikin Littafin, ba a goge ta ba, ba a gyara mata ƙarshe ba. Na ce a raina, idan Allah ya karɓi wannan a matsayin addu'a, zai iya karɓar tawa da ba ta da komai a ciki.

Tun da ba ni da kalmomi domin kaina, sai na fara aron na maƙwabta. Abin da suka roƙa da asuba, ni ma in roƙa musu da yamma. Ƙafar tsohuwar da ban taɓa gani ba, jinin Baba, tayoyin motar Danjuma. Ba zan ce na ji sauƙi ba. Amma na daina jin kamar babu ni a duniya. Akwai wanda nake yi wa magana, akwai kuma waɗanda nake yi masa maganarsu.

Sai azumi ya zo. Mutanen gida suka daina cin abinci a tsakar gida da rana. Na rasa yadda zan kunna risho a gabansu, don haka na bar ci har faɗuwar rana. Da magariba Mama takan turo ƙofa da koko da ƙosai mai zafi. "A sha ruwa lafiya, Hajiya." In karɓa da hannu biyu. Da na ga ko ta yaya ba na ci, sai na mayar da shi azumi na gaske, na roƙi abu ɗaya: Ubangiji, ko ka buɗe mini baki, ko ka mayar da ni gida. Ranar Salla Mama ta dafa mini shinkafa da kaza. "Bahaushe ne ya yanka, ci ba shakka," ta ce. Na ci. Bakina bai buɗe ba. Na ɗauka ke nan amsar ita ce ta biyun.

Jarrabawar zangon farko ta matso, kuma wanda bai zauna ta ba za a cire sunansa. Na sani. Na kira babana a waya.

"Zan dawo gida."

"Hutu aka yi?"

"A'a. Ba zan iya ba."

Ina jin kukan awaki a bayansa.

"Karatun ne ya fi ƙarfinki?"

"A'a."

"Wani ya taɓa ki?"

"A'a, Baba. Ba ni da kowa a nan ne."

"Gida naki ne, ba mai tambayarki dalili. Amma kin gaya wa Ubangiji?"

"Na gaya masa."

"Me ya ce?"

"Bai ce komai ba."

"To, wataƙila bai gama ba. Ke dai kin san ba a katse babba."

Na haɗa akwatina, na ce da safe zan kama hanyar tasha.

Da la'asar ɗin ranar ina zaune a ɗaki na ji gudu a layi. Ƙofofin shaguna suna rufuwa da ƙarfi, wata mata tana kiran sunayen 'ya'yanta. Anti Ladi ta faɗo gida da takalmi ɗaya a ƙafa, tana cewa an fara, an fara a wajen gada. Ba wanda ya tambaye ta me aka fara. Mama ta shigo bayanta ba tukwane, ta baro su a bakin kamfani. Baban Danjuma ya sa sakata a ƙofar gida. Ni ina tsaye a bakin ɗakina ina kallonsu, ban ji tsoro ba, ban ji komai ba.

Mama ta kama wuyan hannuna ta ja ni har ƙuryar ɗakinta. Ta fizge gyalena ta cusa shi ƙarƙashin katifa. Ta buɗe akwatinta ta fito da zanen zumuntar matan cocinsu, ta ɗaura mini da kanta.

"Saurare ni, Hajiya. Duk layin nan sun san kina gidana, bakina ne ya jawo. Yaran unguwa idan jininsu ya hau ba sa sanin uwarsu. In wani ya shigo, ke 'yar ƙanwata ce daga Zonkwa, sunanki Rifkatu. Kin ji?"

"Mama..."

"Yi shiru! Ba mai taɓa ki sai ya bi ta kaina. Ladi, tsaya a ƙofa." Ta riƙe fuskata da tafukanta, suna warin albasa. "Za su iya cewa ki yi Addu'ar Ubangiji. Zan koya miki yanzu. Ki yi haƙuri, 'yata, baki ne kawai, ba zuciya ba. Allah ya san dole ce. Zunubin a kaina, ni zan amsa. Faɗi bayana."

Ta faɗi layin farko. Na faɗa. Ta faɗi na biyu. Na faɗa. Muka kai wurin roƙon abincin yini, sai wani abu ya buga a waje, ta firgita, addu'ar ta ɓace mata. Macen da take yin ta kowace asuba ta tsaya da baki buɗe.

"Ladi, me ke biye? Wayyo, me ke biye?"

Ban yi shawara da kaina ba. Na ci gaba daga inda ta tsaya, wurin gafara, wurin jaraba, har ƙarshe, da irin muryar da muke yin ta a cocin garinmu. Na ce amin.

Anti Ladi ta juyo daga ƙofa. "Yesu! Hajiya, wannan wane irin kai ne da ke? Mama ba ta ma kai nan ba!"

Mama ta zuba mini ido. Hannunta yana kan fuskata har yanzu.

"Wa ya koya miki?"

"Babana. Dattijon ikilisiya ne a garinmu."

"Dattijon me?"

"Ni Kirista ce, Mama. Tun haihuwa."

Ta sake ni. Ta ja baya ta zauna a bakin gado. A waje gudun ya fara raguwa. Anti Ladi ta dube ni daga kai har ƙafa, cikin zanen zumunta, sai dariya ta ƙwace mata, ta toshe baki, ta sake ƙwacewa, har ta zame ta zauna a ƙasa.

"Rediyona!" take cewa. "Kullum ina rage rediyona!"

"Rufe mini baki, Ladi," in ji Mama. Ta dube ni. "Watannin nan duka? Ina dafa namana a bakin kwata kamar ɓarauniya? Ina baro ciniki in zo in soya miki ƙosan shan ruwa? Azumin wa kike yi?"

"Nawa, Mama."

"Me na yi miki da ba za ki gaya mini ba? Na yi kama da mai cin mutane?"

"Na faɗa a wasu gidajen, ba su yarda ba. Ke kuma kin yi murna."

Ta juya ta dubi bango. Da ta sake magana muryarta ta sauka.

"Na yi murna," ta ce. "Na ɗauka an dawo mini da wani abu ne." Ta share ido da bakin zani. "Muna addu'a a jikin bangonki muna raɗa kamar marasa gaskiya, ke kina ciki ke kaɗai. Wannan ba kunya ba ce, yarinya. Wannan ciwo ne. Tashi ki ba ni wuri."

Na fita. Kafin magariba labari ya zo cewa ba abin da ya faru. Tayar wata babbar mota ce ta fashe kusa da kasuwa, wani ya ruga, kowa ya bi shi. Shaguna suka buɗe. Mama ta je ta kwaso tukwanenta, ta wuce ta gaban ɗakina ba ta dube ni ba. Na ninke zanen na ba Anti Ladi ta mayar mata. Na karanta zaburar yamma kamar kullum. Akwatina yana nan a ɗaure a bakin ƙofa.

Da asuba na ji an shimfiɗa tabarma. Suka ɗauki waƙa, wannan karon da dukan muryarsu, har kwanon rufi yana amsawa. Na zauna a gefen katifa cikin kayan tafiya. Na jira a ƙwanƙwasa. Ba wanda ya ƙwanƙwasa. Na gane ba za a yi ba. Mama ta riga ta yi nata tun jiya, ta yi fiye da nata. Abin da na roƙa a azumi an ba ni, a ɗakinta, ba ta hanyar da na zata ba. Saura ƙofa, ita kuma daga ciki sakatarta take.

Na ɗauki Littafina na zare sakatar. Waƙar ta ɗan yi rauni, ta sake tashi. Na zauna a bakin tabarma, rabin jikina a kan siminti. Anti Ladi ta matsa ta ja ni ciki da gwiwar hannu. Baba ya gyara tabarau zai faɗi sura, Mama ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Bar shi, Baban Danjuma. Masu Hausar asali suna nan, mu huta da tuntuɓenka yau."

"Ni da ma neman mai karɓata nake yi," in ji Baba.

Na karanta. Muryata ta fito a shaƙe kamar ta mai mura, na tsaya na gyara ta na ci gaba. Ba wanda ya yi dariya. Da na gama aka shiga faɗin damuwa. Anti Ladi ta faɗi tata, Baba ya faɗi tasa, Mama ta ce Danjuma ya kira daga Ilori. Sai aka zo kaina. Ta ƙofar da na bari a buɗe kowa yana iya ganin akwatin.

"Ke fa?" in ji Mama. "Addu'ar hanya za mu yi miki, ko ta me?"

Na dubi akwatin. Ban ji wani farin ciki ba, ban ji an sauke mini dutse daga ƙirji ba. Ƙafar da ta mutu idan jini ya fara komawa cikinta, tsira take yi. Abin da na ji ke nan.

"Jarrabawa zan fara ranar Litinin," na ce. "Ina tsoron ta aikin hannu. Idan malami ya tsaya a kaina hannuna rawa yake yi."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Mama."

"To, ku rufe ido."

Ita ta yi addu'ar. Ta roƙa wa hannuna ƙarfi. Ta roƙa wa malamin haƙuri, ta ce in ba shi da shi Ubangiji ya ba shi aiki a wani tebur. Ta ce, "Ga kuma bakin yarinyar nan, Uba, kai ka yi shi, ka san taurinsa, mun bar maka." Anti Ladi ta ce amin tun ba a gama ba.

Gari ya waye. Na kwance akwatin na ciro farar rigata daga ƙasa, ta yamutse. Ba wuta, sai Baba ya zuba mini garwashi daga murhun Mama a dutsen guga. Na goge ta a kan tabarmar da muka tashi daga kai, na bi kowace kalmasa har ta kwanta. Ranar ce ta farko da na makara a makaranta.